Zanen Iska a Kasuwar Mirriya

Ranar Lahadi, ranar da kasuwar Mirriya ke ci, mutane kan zo neman tukwane da tuluna, da hatsi, da bisashe. Ba a saba ganin mai neman kayan jirgin ruwa ba a garin da ba shi da kogi, sai lambuna da manyan kukoki. Amma wata Lahadi cikin kakar 2019, wani dattijo ya shigo layin masu buhu da tamfol, riƙe da igiya mai ƙulli uku, ɗansa na biye da shi ɗauke da wani tsumma a naɗe.

Dattijon nan haifaffen Mirriya ne. Yana saurayi ya bi ayarin ƴan ci-rani ya yi gabas, tafiyar kusan kilomita 600, har Gigmi, bakin tafkin Cadi. A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye ruwan, har Gigmi ta koma garin tudu. Shi kuwa ya yi ta bin ruwa duk inda ya ja, yana kama tarwaɗa da karfasa, yana banda, yana aiko wa gida. Da kuɗin banda ya sayi kwalekwalensa na katako, ya kafa masa gora, ya ɗaura zanen da ke kama iska.

A 2015, bayan harin da aka kai tsibirin Karamga, hukuma ta umarci mazauna tsibiran su tashi. Ya bar jirgin a hannun wani amininsa Buduma, ya kwance zanen kaɗai ya naɗe, ya dawo gida da shi. Shekara huɗu zanen na rataye a rumbu. Da aka ɗage dokar hana kamun kifi a 2019, aminin ya aiko da saƙo ta hannun wani direba: jirgi na nan, an toshe ɓarakarsa, zane kawai ya rage. Tare da saƙon ya haɗo igiyar nan, ƙulli ɗaya tsawon gorar tsaye, na biyu tsawon ta gicciye, na uku iyakar inda zane zai sauka ba tare da ya sha ruwa ba.

Ɗan bai so tafiyar ba. A gaban mai buhu ma sai da ya sake cewa, "Baba, in dai sai ka koma, bari mu yi adashe mu sai maka inji. Wa ke tafiya da zane yanzu?"

Tsohon ya ce, "Inji kullum sai an ba shi mai, ko an kama ko ba a kama ba. Iska kuwa ba ta taɓa bina bashi ba. Kuma katakon nan ya tsufa, girgizar inji za ta buɗe shi."

Ya san abin da yake faɗa. Iskar tafkin tana da lokaci: da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina ta juyo daga kudu maso yamma. Irin wannan zane ba ya iya gaba da iska, sai dai ta turo shi ta baya ko ta gefe. Saboda haka masunci kan tafi da zane, ya dawo da gora, rabin wahala ke nan ta ragu. Ga mai shekara sittin da ɗoriya, rabin nan shi ne bambancin sana'a da zaman gida.

Aka baje masa kaya iri uku. Tamfol yana da ƙarko, amma nauyinsa a saman gora zai riƙa rinjayar siririn jirgi. Akoko yana da laushi da kyan ɗinki, sai dai in ya jiƙe ya yi nauyi, in an naɗe shi da danshi ya ruɓe. Buhun leda ba nauyi, ba ya shan ruwa, ga araha, amma rana ce ajalinsa: shekara ɗaya ko biyu ya fara marmashewa. Ya murza kowanne da yatsa, ya ɗaga buhu sama ya duba saƙarsa da hasken rana, sannan ya zaɓi sababbi guda goma, ya ƙi waɗanda suka sha rana a rumfa.

Da suka je wurin maɗinki, ɗan ya warware tsohon zanen don a yanka a kansa. Dattijon ya hana. Ya ce zanen da ya sha iska ya miƙe, awonsa ƙarya yake yi. A bi igiya. Maɗinki ya ce, "Baba, ga ragowar buhu, in ƙara maka faɗi kyauta?" Ya girgiza kai. Ya taɓa ganin jirgin da guguwa ta kifar saboda mai shi ya yi haɗamar zane. Daidai ruwa, daidai tsaki. Abin da ya nema kawai shi ne a ninka ɗinki a kusurwoyi, a zura igiya cikin kalmasa don ita ta ɗauki ƙarfin iska, a kuma bar ɗan ciki a tsakiya.

Ɗan na tsaye yana kallo. Bai taɓa jin mahaifinsa ya yi magana mai tsawo haka ba tun dawowarsa. Shekara huɗu ana ganinsa a gindin kuka, tsoho cikin tsofaffi, ana ba shi tuwo. Yau ga maɗinki na cewa "to, Baba" ga kowace kalma tasa.

Da la'asar aka gama. Tsohon ya sa hannu aljihu, ɗan ya riga shi biya. A hanyar gida shi ya ɗauki sabon zanen a ka, uban ya rungumi tsohon, don ya ce zai yi amfani wajen faci. Sun kusa ƙofar gida ɗan ya tambaya, ba tare da ya waiwaya ba, ko jirgin yana ɗaukar mutum biyu.