Ga Masu Sabon Gini: Batun Taga Da Raga

Waɗanda suka daɗe suna bibiyar wannan shafi sun san ba al'adata ba ce tsoma baki cikin sha'anin ginin mutane, gama kowa shi ya san nauyin aljihunsa, kuma mutumin da ya yi ta tara kuɗin shinkafarsa kaka bayan kaka har Allah ya hore masa ya ɗora kwano a kan ɗakinsa, addu'a ce ta kamace shi, ba suka ba. Amma abin da na gano jiya a wajen Tudun Wada, a sabon gidan wani ɗan ƙanena da na je yi wa Allah ya sanya alheri, ya tsaya mini a rai ƙwarai, har na ga yin shiru a kansa zai zama ɓoye nasiha.

Gida ya yi kyau, ba ƙarya. An kafa ƙyauren ƙarfe mai ado, an shimfiɗa tayil tun daga bakin ƙofa, an sha fenti ciki da waje. Sai da muka shiga ɗakin da yara za su kwana na ga abin da ya dame ni: taga guda ɗaya tak, irin ta alminiyum mai zugewa, wadda ko an buɗe ta iyakar buɗewa rabinta ne kawai ke buɗe, ba raga a jikinta, ba wata kafa a bangon da ke fuskantarta, ba silin, ga kuma hasken rana yana leƙowa ta tsakanin kan bango da kwano, rata mai faɗin da hannun babba zai shige. Bayan la'asar ne, amma da na dafa bangon yamma sai da na janye tafina. Na ce masa, ina ragar? Ya ce, "Baffa, ai raga ba ta gudu, bari mu huce gajiyar gini tukuna. Kuma dai da magariba rufewa ake yi." Wannan "rufewa ake yi" ita ce ta kawo ni nan.

Kakanninmu da suka yi soro da tubali da azara, suka bar 'yar taga can sama wadda ba ta wuce tsawon kamu ɗaya ba, ba rashin sanin daɗin iska ne ya sa su ba, lissafi ne da suka yi da ƙasar da Allah ya ajiye su a cikinta. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya kai shi cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da mutanen gida sun riga sun baje tabarmi a tsakar gida idan bazara ce. Idan kuwa hunturu ne, wannan ɗumi da ya makara shi ne abin nema. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙurarta, hadarin damina galibi daga gabas yake tasowa ya doki bango, saboda haka magini mai hankali ba ya yawaita kafa ta waɗannan fuskoki. Ƙofa kuma ba a bar ta haka nan ba: akwai asabari, akwai tufaniya, waɗanda ke tare idon mai wucewa su bar iska ta ratsa. Ɗakin jinka ma, wanda ya fi yawa a ƙauyukan kudu inda ruwa ke cin ginin soro, ta cikin bununsa yake numfashi. Rayuwar ma duka a waje take, a zaure da gindin bishiya da rumfar tsakar gida, ɗaki kuwa wurin ajiya ne da mafaka daga ruwa da ɗari.

Ba cewa nake a koma jinka ba, kuma kada wani ya zo ƙasan wannan rubutu ya ce Malam yana ƙyashin mutane su ci gaba, alhali ni kaina a ƙarƙashin kwano nake kwana, kun kuwa sani. Gidan dā yana da nasa aibin: gobara, da gara, da yaɓe duk shekara, da sauron da ke shiga ta ƙarƙashin jinka ba mai hana shi. Abin da nake kuka da shi shi ne mun saki hikimar tsohon gini, sa'an nan ba mu ɗauki sharuɗɗan sabon ba. Bulon siminti mai rami a ciki ba ya riƙe zafi ya jinkirta shi kamar tubali, kwano kuwa da rana ta taɓa shi yake sauke wutarsa a kan mutane, saboda haka irin wannan gini ba ya zaunuwa sai da silin, da manyan tagogi masu fuskantar juna, da raga a kan kowace kafa. Waɗannan uku rukunansa ne, ba ƙawa ba ne. Mu kuwa sai muka ɗauki bulon da kwanon, muka riƙe ƙaramar tagar kakanni guda ɗaya, muka toshe ta da gilashi, muka mai da raga abin da za a yi "in an samu sarari". Sakamakon shi ne ɗaki ya zama tanderu a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mutum ya rasa zaɓi sai ɗayan biyu: ya rufe ya dafa 'ya'yansa da gumi da ƙurajen zafi, ko ya buɗe ya miƙa su ga sauro.

Kuma ya kamata mu tuna inda muke zaune. Mu nan kudancin Kano ba kamar Ɗambatta ko Kunci ba ne. Damina tana riga isowa Doguwa da Riruwai, tana kuma daɗewa ba ta tafi ba, ga duwatsu, ga dajin Falgore, ga ciyawa har bayan katanga. Tudun Wadan Ɗankadai da shinkafa aka san ta, shinkafa kuwa da ruwan kwance take rayuwa. Tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ga kuma tafkin Bagauda a ƙasar Bebeji, ruwa bai ƙara yanke wa wannan yanki ƙafa ba ko da rani. Ni'ima ce babba wadda ta ciyar da dubban gidaje, ba kuwa mai butulce mata sai marar godiya, amma kowace ni'ima tana zuwa da haƙƙinta. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ba a cikin ƙazamar kwata ya fi haihuwa ba, ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke bugu: kwamin shinkafa, da kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, da sawun shanu a fadama. Cikin dare yake cizo, a cikin ɗaki, kuma masu binciken ɗabi'arsa sun tabbatar cewa idan ya bi warin mutum ya ci karo da bango, sama yake yi har ya sami ratar nan ta ƙarƙashin rufi ya faɗa. Ashe wanda ya rufe taga ya bar wannan rata, iska kaɗai ya hana shiga.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun wajen 1900 wani likita a ƙasar Italiya, Angelo Celli, ya sa aka rufe tagogi da ƙofofin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da raga a yankunan da zazzaɓi ya addaba, aka kuwa ga bambanci bayyananne tsakaninsu da maƙwabtansu. A nan kusa da mu, a ƙasar Gambiya, an yi gwaji a gidajen garin Farafenni da ƙauyukansa, aka buga sakamakon a 2009: sa raga da toshe ƙarƙashin rufi sun rage sauron da ke shiga ɗaki da kimanin rabi, kuma ƙarancin jini ya ragu a tsakanin yaran gidajen. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya duka a Nijeriya suke. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara na asibitocinmu a watan Agusta ko Satumba, ya ga uwa a tsaye ana neman wanda zai ba ɗanta jini, ba ya bukatar a karanta masa alƙaluma.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini. Za a ce sutura: yaya mutum zai fasa babbar taga a bangon waje iyalinsa su zama abin kallon masu wucewa? Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban kuwa raina ta ba. Malamanmu na Malikiyya ba su yi sakaci da wannan babi ba, gama Ibn Abi Zaid a cikin Risala, wadda muka karanta a zaure, ya lissafa buɗe tagar da ke tona asirin maƙwabci cikin cutarwar da aka hana. Amma abin da aka hana shi ne leƙe, ba a hana iska ba. Tagar da aka ɗaga sama da tsayin mutum, mai faɗi a kwance, aka sa mata raga da ƙarafa, ba ta nuna kowa ga kowa, kuma ita ce ma ta fi amfani, domin iska mai zafi sama take taruwa tana neman mafita. Wannan kuma ita ce amsata ga mai tsoron ɓarayi, tsoron da ba wanda zai ce ba shi da dalili a wannan zamani, musamman ga na kusa da daji.

Za a kuma ce an umarce mu da rufe ƙofofi da shigar da yara idan dare ya kawo kai. Haƙiƙa haka ne, kuma ni ban ce a kwana ƙofa a hangame ba. Sai dai ina ganin da yawa daga cikin toshe-toshen da muke yi ba daga nassi suka samo asali ba, daga tsoron sanyi ne da muka gada, har ya zama da an ji yaro ya yi tari sai a ce iska ce ta buge shi, a ƙara cusa tsumma a kafar taga. Ku dubi ɗakin mai jego a hunturu: an rufe ƙofa, an saki labule, an ajiye kaskon gawayi, ga jariri kwana bakwai a ciki. Hayaƙin gawayi da na janareta suna ɗauke da guba marar wari wadda ke sa mutum barcin da ba ya tashi, kuma ba shekarar da ba ma jin an wayi gari an tarar da mutanen ɗaki guda sun rasu. Haka maganin sauro na igiya, da wanda ake fesawa daga kwalba ba ko takarda a jikinsa, a ɗakin da ba mafitar iska ƙirjin yara ne ke shan su. Mu da muka ga annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta ɗauki rayuka fiye da 11,000 a ƙasar nan, Kano kuma tana cikin inda ta fi tsanani, mun ji ma'aikatan lafiya suna ta nanata cewa a rage cunkoso a ɗaki, a bar iska ta ratsa. Da annoba ta wuce sai muka koma gidan jiya.

Mai cewa talauci ne, da shi nake so mu yi adalci. Akwai wanda wallahi ba shi da halin ko ƙyauren langa-langa, wannan ba da shi nake ba, Allah ya yassare masa. Da wanda ya sayi tayil nake. Kuɗin ragar ɗaki biyu da ladan kafinta ba su kai abin da ake kashewa a adon ƙyauren waje ba, ba su kuma kai kuɗin kwanciya ɗaya a asibiti da ledar jini da jigilar mota daga Kiru ko Doguwa zuwa birni ba. Abin da ke faruwa shi ne ƙyaure kowa na ganinsa, raga kuwa ba mai yi maka barka da ita. Ina jiye mana tsoron kada wannan ya zama wani reshe na riya da ya shigo mana ta hanyar gini ba mu farga ba, alhali yaran nan amana ce, kuma za a tambayi kowane mai gida game da abin da aka ba shi kiwo. Cuta da lafiya duka ƙaddara ce, babu musu, amma ban taɓa jin malamin da ya fassara tawakkali da barin sababi ba.

Ni ba injiniya ba ne, iyakar abin da na sani shi ne abin da na gwada a ɗakunana. A yi taga biyu a bango biyu masu kallon juna, kudu da arewa in fili ya yarda, domin iskar damina daga kudu maso yamma take kaɗawa. Taga mai murfi biyu da ke buɗewa gaba ɗaya ta fi mai zugewa, tun da raga ita kanta tana rage iska. A cike tsakanin bango da kwano da bulo ko ƙasa tun magini bai sauke tsaninsa ba. Ragar ƙarfe tana tsatsa, ta roba kuma yara da ɓera suna huda ta, saboda haka a riƙa dubawa ana yin faci. Bayan hunturu kuma a wanke ta da ruwa da tsohon buroshi, gama ƙura tana toshe idanunta har mutum ya zaci ragar ce ba ta da amfani. Ƙofar raga a ɗaura mata robar tayar keke ta riƙa jawo kanta, don yaro ba ya rufe ƙofa. A dasa darbejiya ko mangwaro ta yamma da ɗaki. Gidan sauro kuma kada a ajiye shi, ko a kai shi lambu a rufe irin tumatir, haka maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 a watannin damina. Raga taimakonsu take yi, ba ta maye gurbinsu.

Maginanmu da kafintoci da masu walda na Bebeji da Kwanar Ɗangora da Kafin Maiyaƙi, ku ake fara tambaya kafin a sayi ko buhun siminti ɗaya, kuma maganarku ta fi tawa shiga kunnen mai gini. Idan ya ce a bar taga ɗaya, ku faɗa masa abin da zai tarar a watan Afrilu. Idan kuna rubuta masa lissafin kaya, ku sa raga a layi ɗaya da kwano da ƙusa, kada ku bar ta cikin abin da za a yi daga baya. Wanda kuma ya riga ya gama gininsa, fasa bango a ƙara taga aikin yini ɗaya ne ga birkila, kuma lokacinsa shi ne tun ruwa bai sauka ba.