Wuyan Mai Lamba 3

Shekara huɗu na yi ina buga ragbi sa'ad da nake karatu a Faransa. Saboda kaurin jikina aka ba ni lamba 3, a sahun gaba na turereniya, inda mutum takwas ke haɗa kafaɗa su ture takwas. Mu uku ne a gaba: lamba 1 a hagu, ni a dama, lamba 2 a tsakiya yana rataye a kafaɗunmu domin ya janyo ƙwallo baya da ƙafa.

Masu kallo sukan zaci ƙarfi ne kaɗai. Ba haka ba ne. Dole baya ya miƙe kamar tebur, gwiwoyi a lanƙwashe, kada haɓa ta taɓa ƙirji. Doka ta hana kafaɗu su yi ƙasa da ƙugu, gama mutum biyar suna turowa daga baya, nauyinsu kuwa ta ƙashin bayanka zai bi ya wuce. In baya ya tanƙware, a wuya nauyin zai tsaya. Lamba 3 ya fi shan wahala, domin kansa yana matse tsakanin kawuna biyu.

A 2005 turereniya ta rushe da Matt Hampson, saurayi ɗan Ingila, wajen atisaye, jikinsa ya shanye daga wuya har ƙasa. A 2013 aka sake doka: masu lamba 1 da 3 su riƙe rigar abokan karawarsu tukuna, maimakon a yi karo kamar raguna. Waɗansu tsofaffin 'yan wasa sun yi gunaguni, wai an rage wa wasan zafi. Ni dai ina bayan dokar, gama na san yadda wuyana yake kwana bayan kowane wasa.