Haƙurinmu na baƙo ne, ban da ɗan gida

Mu mutanen Arewa muna da wani abin alfahari da ba mu gajiya da faɗinsa in mun haɗu da abokan aiki a Yamai: wai a ƙasarmu maƙwabci ba ya faɗa da maƙwabci saboda addini. In aka ajiye masifar 'yan bindiga da ta shigo mana daga baya, wadda zancenta daban ne, akwai gaskiya cikin maganar. Daga Dogondutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme, masallaci da majami'a da gidan bori sun daɗe suna shan iska guda. Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransawa cikin watan Afrilu na 1899, ta riƙe al'adar Azna tsakiyar Musulmi, 'yan mishan kuma sun zauna Dutsi tun zamanin mulkin mallaka.

To amma, jama'a masu karatu, wa muke yi wa wannan haƙuri? Labarin wata ƙasa mai nisa, Koriya ta Kudu, shi ya sa na sake duban alfaharin namu.

Bisa ƙidayar 2015, kusan mutum 20 cikin 100 a can 'yan Furotesta ne, kusan 8 'yan Katolika, wajen 15 mabiya Buda, fiye da rabi kuma ba su da addini, kuma ba su yaƙar juna a kan haka. Mutane ne masu son tafiya tare kamar mu. Suna da adashi, suna kiransa kye. Suna da irin gayyarmu ta noma. Kalmar "mu" kuwa ta cika musu baki har magidanci kan ce "matarmu" yana nufin tasa. Mu dai mun tsaya ga "gidanmu" da "babanmu", Allah Ya kiyaye. Sai dai a shekarar 1791 an sare kan wani ɗan Katolika, Yun Ji-cung, don ya ƙone allunan kakanninsa, ya ƙi yi wa mahaifiyarsa bukin mutuwa irin na gargajiya. Laifinsa shi ne ɗan gida ne ya fita layi. Sai a 1939 Roma ta sassauta hani kan girmama kakanni. Su ma majami'un sun gaji wannan hali: babbar ikilisiyar Firesbiteriya ta tsage biyu a 1959, yau rassanta sun haura 100. Inda ba a ba mutum damar ya bambanta yana cikin ɗaki, dole ya fita ya gina nasa ɗakin, ya kuma hana wani bambanta a ciki.

Wanda ya rayu Dutsi farkon shekarun 1990 ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos cikin 1978, ta iso mana bayan taron ƙasa na 1991 ya buɗe bakin kowa. Samari suka fara salla hannu bisa ƙirji, suka daina tsugunawa gaban iyaye, suka ce sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in bidi'a ce. Dattijon da ya yi shekara 30 yana gaisawa da ɗan bori kowace safiya, bai taɓa ɗaga masa murya ba, shi ne ya kasa cin tuwo akushi guda da ɗan cikinsa. Su kuma samarin, da suka samu nasu masallaci, ba su fi iyayensu sauƙin kai ba. Kiristocin ƙasar nan ma ba su tsira ba: ikilisiyar da ta tsiro daga aikin mishan ɗin SIM ta rabu kashi uku wajen ƙarshen shekarun 1980, alhali duka-duka nawa suke?

Ba na cikin masu zagin tafiya tare, domin na ci moriyarta. Ma'aikacin da ya ga watannin da albashi bai fita ba, da karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, ya san abin da ya riƙe shi: buhun hatsi daga ƙauye, da bashin mai kanti wanda ba a rubuta ba. Ɗan kasuwa ma ya san jarinsa na farko amana ce ta dangi da ubangida. Amma wannan rumfa tana da haya, kuma hayar ita ce a gan ka inda aka ga kowa. Shi ya sa fita layi ke da tsada haka: wanda ya ƙi zuwa sadaka, ana jin kamar ya janye hannunsa daga adashin da ya riga ya kwasa. Wasu alhazai ma, a faɗi gaskiya, sauƙin aljihu suka hango cikin sabuwar koyarwar, dangi kuma ba su kasa ganewa ba.

A zuriyarmu an yi haka. Wani ɗan baffana, mai sayar da kayan masarufi, ya wanke mahaifinsa, ya sallace shi, ya ɗauki nauyin ƙannensa bakwai, amma ran arba'in ya buɗe shagonsa bai zo ba. Ba wanda ya zage shi. Shiru kawai aka yi masa, irin shirun da ya fi duka ciwo, mata suka daina aiken yara sayen sukari wurinsa. Bayan wata 5 matarsa ta haihu. Ran suna, maƙwabcinsa Kirista ne ya kawo tabarmi da kujeru, wata tsohuwa 'yar bori ta unguwar ta kama wa mai jego daka. Daga dangi kuwa mu uku muka je, kuma ɗayanmu sai da ya bari aka watse, ya shiga ta ƙofar baya.