Shekarun Baba Wenger, da rabin labarin da bai iso wa yaranmu ba

Idan kana son sanin shekarun ɗan Arsenal ba tare da ka tambaye shi ba, ambaci sunan Arsene Wenger a gabansa ka yi shiru. Wanda ya fara kallo tun ana Highbury zai gyara zama ya kama lissafo maka Vieira da Bergkamp da Pires da Henry. Wanda ya buɗe ido a Emirates kuwa, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne 8-2, da Bayern Munich, da zaman na huɗu. Duka biyun gaskiya suke faɗa, kuma mutum ɗaya suke nufi. Ni ina cikin rukunin farko, amma da 'yan rukuni na biyu nake son magana yau, ƙannena, domin na lura labarin bai iso muku a cike ba.

A watan Oktoban 1996 ya kama aiki. Daga Japan aka ɗauko shi, daga wata ƙungiya mai suna Nagoya Grampus, kuma bai taɓa yin suna a matsayin ɗan wasa ba. Dogo, siriri, da tabarau, ya fi kama da malamin jami'a, shi ya sa laƙabin Farfesa ya bi shi. Arsenal ɗin da ya tarar an san ta da tsare gida da cin ɗaya mai ban haushi, an kuma san 'yan wasanta da shan giya. Makonni kaɗan kafin zuwansa kyaftin Tony Adams ya fito fili ya ce giya ta fi ƙarfinsa. Wenger ya sauya abincin 'yan wasa da tsarin atisaye, amma bai kori tsofaffin 'yan baya ba. Ya bar Adams da Keown da Bould da Dixon da Winterburn a wurarensu, ya ƙara musu shekarun wasa, ya jera musu Vieira da Petit a gaba. A 1998 ya haɗa kofin Firimiya da na FA, ya zama baƙo na farko daga wajen Birtaniya da ya ci gasar Ingila a matsayin koci.

Mu nan dai kowa ya san ta ƙofar da muka shiga Arsenal: Kanu. A farkon 1999 Wenger ya ɗauko shi daga Inter Milan, mutumin da aka yi wa tiyatar zuciya a 1996, wanda da yawa suka ɗauka ƙwallonsa ta ƙare. Wasansa na farko ma da rigima ya zo. Ana karawa da Sheffield United a kofin FA, golansu ya fitar da ƙwallo waje don a duba ɗan wasansu da ya ji ciwo. Ray Parlour ya jefa musu abarsu kamar yadda aka saba, Kanu bai fahimci abin da ake ciki ba, ya bi ta a guje ya miƙa wa Overmars, shi kuma ya zura. Aka tashi 2-1. Alƙali ya ce ci ne, doka ma ta ce ci ne. Wenger ya ce shi ba ya son nasara irin wannan, a sake wasan. Aka sake, Arsenal ta kuma cin 2-1. Duk mai son sanin halin mutumin nan, daga wannan rana zai fara.

Sai kuma Oktoban wannan shekarar a Stamford Bridge. Chelsea na gaba da ci biyu, ana ruwa, saura minti goma sha biyar. Kanu ya rama ɗaya, ya rama ta biyu, sannan a minti na ƙarshe ya yanke gola Ed de Goey a bakin layin kwana, daga inda kowa ke jiran ya bayar, ya lanƙwasa ta ta saman Desailly da Leboeuf. Ina da yaƙinin a wannan yammaci aka haifi dubban 'yan Arsenal a ƙasar nan. Kanu ya tafi a 2004, amma ba mu bi shi ba, domin kafin nan salon wasan Wenger ya riga ya kama mu.

Akwai kuma abin da muke gani da idonmu ko ba a faɗa ba: mutumin ya yarda da ɗan Afirka tun kafin abin ya zama yayi. Shi ya ɗauko George Weah daga Tonnerre ta Yawunde zuwa Monaco a 1988, kuma ranar da Weah ya karɓi kyautar gwarzon duniya ta 1995, sai ya kira Wenger kan dandamali ya miƙa masa ita. Kolo Toure fam dubu 150 aka sayo shi daga ASEC Mimosas ta Abijan. Ga Lauren, ga Eboue, ga Adebayor, ga Song, har zuwa kan Iwobi. A gidan kallo, idan aka jero 'yan Arsenal, sai ka ji kamar da kai a ciki.

Kakar 2003 zuwa 2004 ba sai na ja ta ba, kowa ya haddace: wasa 38, nasara 26, canjaras 12, ba a doke su ko sau ɗaya ba. Abin da ake mantawa shi ne tun a 2002 ya ce ƙungiyarsa za ta iya gama kaka ba a ci ta ba, aka yi ta yi masa dariya, musamman da wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Rooney ya zura musu a Everton. Bai janye maganarsa ba. Da a ce fanaretin van Nistelrooy a Old Trafford bai daki ƙarfe ba a Satumbar 2003, da wani labarin ake yi, na sani. Amma ƙwallon da suka buga ba sa'a ba ce. Vieira zai ƙwace, Bergkamp ya taɓa sau ɗaya, Pires ya zille ta hagu, kafin ka ɗauke ido Henry ya buɗe ƙafarsa ya ajiye ta a kusurwa. Sun kai wasa 49 kafin Man U ta tsayar da su a Oktoban 2004.

To, ga inda nake son ku saurare ni da kyau.

A ranar 17 ga Mayun 2006 Arsenal ta buga wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai da Barcelona a Faransa. Aka ba Lehmann jan kati a minti na 18, Sol Campbell ya ci da ka, mutum goma suka riƙe wasan har saura kwata, sannan Eto'o da Belletti suka juya shi. A wannan bazarar ƙungiyar ta bar Highbury mai cin mutum dubu 38 ta koma Emirates mai cin dubu 60. Aikin ya ci kusan fam miliyan 390, kuma mafi yawansa bashi ne. Wenger da kansa ya faɗa daga baya cewa bankuna sun sa sharaɗin sai ya sa hannu kan zaman shekara biyar kafin su saki kuɗi. Wato sunansa ne jinginar. Kuma hakan ya faɗo daidai lokacin da kasuwar ƙwallo ta birkice: Abramovich ya sayi Chelsea a 2003, attajiran Abu Dhabi suka sayi Manchester City a 2008. Wasu na zuba kuɗi ba lissafi, shi kuma dole ya sayar kafin ya saya, dole kuma ya shiga Kofin Zakarun Turai kowace shekara don a biya bashi.

Ku duba waɗanda suka fice. Ashley Cole a 2006, Henry a 2007, Adebayor da Kolo a 2009, Fabregas da Nasri a wata ɗaya a 2011, van Persie a 2012 ya tafi Man U ya ci musu kofi a kakarsa ta farko. Duk ƙungiyar da ya raina, da ta fara nuna sai mai kuɗi ya zo ya tsinke. Wasan 8-2 da Man U ta ci mu, wanda ake yi mana gori da shi, kwanaki kaɗan ne bayan tafiyar Fabregas da Nasri, da yara da 'yan benci aka shiga filin. Kun san a nawa aka gama wannan kakar? Na uku. Kaka ashirin a jere, daga zuwansa har 2016, bai taɓa faɗowa ƙasa da na huɗu ba. Mun raina abin a lokacin, abokan hamayya suka mai da shi abin zolaya, amma ku tambayi 'yan Liverpool da 'yan Man U sau nawa suka nemi wannan na huɗun suka rasa.

Abin ya yi mini kama da magidancin da ya ƙudura sai ya fitar da iyalinsa daga gidan haya. Shekara da shekaru yana tara bulo, cefane ya ragu, kayan Sallah sun zama kala ɗaya. Yaran da suka tashi a wannan tsakanin ƙuncin kawai suke tunawa, alhali a cikin gidan suke kwana yanzu. Kuma ba don ya rasa wurin zuwa ya zauna ba. Real Madrid ta neme shi fiye da sau ɗaya, ya ƙi. Zai iya tafiya inda ake saya masa duk wanda ya nuna, ya tara kofuna, sunansa ya fi haka. Ya zaɓi ya tsaya ya cika alkawari, ana zaginsa a kan talaucin da bai taɓa fitowa ya ɗora wa shugabannin ƙungiya ba.

Akwai kuma ƙaddara. A Fabrairun 2008 Arsenal na saman tebur da tazarar maki biyar aka karya ƙafar Eduardo a Birmingham, yaran suka rikice, aka ƙare da tazarar maki huɗu tsakaninsu da zakara. An karya Diaby, an karya Ramsey. A 2011 Birmingham ɗin dai ce ta ƙwace kofin Carling a minti na 89, kuma ɗanmu Obafemi Martins ne ya zura. Ranar nan gidan kallo bai san inda zai sa kansa ba.

Ba zan wanke shi tas ba, domin son mutum ba ya hana faɗin gaskiya a kansa. Baba Wenger na da taurin kai. Shekaru ana ganin ƙungiyar na bukatar ƙaƙƙarfan ɗan tsakiya irin Vieira ko Gilberto, da ɗan baya mai tsawa, ya ƙi nema da gaske. Yakan riƙe ɗan wasa saboda amana bayan kowa ya ga ya gaza. Yakan shiga babban wasa da buɗaɗɗen ƙirji kamar da ƙaramar ƙungiya zai kara, shi ya jawo 6-0 a gidan Chelsea a ranar wasansa na dubu, da 10-2 gida da waje a hannun Bayern a 2017. Wadda ta fi ci mini rai ita ce kakar 2015 zuwa 2016. A lokacin an samu sararin kuɗi, an riga an sayi Ozil da Sanchez, amma duk bazarar gola Petr Cech kaɗai ya ɗauko. Chelsea ta rushe, Man U da City suna tangal-tangal, Arsenal ta doke Leicester gida da waje, amma Leicester ce ta ɗaga kofi. Wannan babu batun bashi a ciki. Kuma a ganina da ya ajiye aiki ranar da ya doke Chelsea a wasan ƙarshe na FA a 2017, kofinsa na bakwai a gasar, wanda babu kocin da ya kai, da ya fita ana ɗaga shi sama.

Amma kuskuren dattijo daban, wulaƙanci daban. Abin da aka yi masa a shekarun ƙarshe bai dace ba. Aka riƙa ɗaga ƙyallaye a fili ana cewa ya tafi, aka yi hayar jirgin sama ya ja rubutu ta saman filin West Brom, wasu suka mai da zaginsa sana'a a gaban kyamara bayan kowane wasa. Mu ma nan bidiyon ya riƙa yawo a wayoyi, yara suka kwaikwaya. Mutumin da ya haura shekara sittin da biyar, wanda ya ba ƙungiya ƙuruciyarsa da tsufansa. A tarbiyyarmu ko ka saɓa da babba akwai harshen da ba ka yi masa, kuma ƙwallo ba ta soke wannan ba. Ku tuna fuskarsa a Wembley a 2014, bayan Hull ta zura biyu cikin minti takwas, Cazorla da Koscielny suka rama, Ramsey ya ƙarasa a ƙarin lokaci. Shekara tara rabonsa da kofi, kuma watanni uku kafin nan Mourinho ya kira shi gwanin faɗuwa. Duk wanda ya ga yadda ya yi murna ranar ya san abin na cinsa fiye da yadda yake cin mu.

A ranar 20 ga Afrilun 2018 ya sanar zai tafi. Wasansa na ƙarshe a gida an ci Burnley 5-0, aka miƙa masa kofin zinaren da aka yi wa ƙungiyar don kakar 2004. Ya jagoranci wasa 1,235. Daga nan bai sake taka Emirates don kallon wasa ba sai ranar 26 ga Disambar 2022, fiye da shekara huɗu, filin da aka ci bashinsa da sunansa. Wannan nisantar ta isa ta gaya maka yadda rabuwar ta yi masa ciwo. A 2023 aka kafa mutum-mutuminsa a wajen filin.

Ku da kuka same shi a ƙarshe, ba na cewa ku manta da 8-2, ni ma ban manta ba. Ku dai bi makon har ƙarshensa. Kwana uku bayan wannan wasa kasuwar 'yan wasa ta rufe, kuma cikin waɗanda ya ɗauko a gurguje akwai Per Mertesacker daga Werder Bremen da Mikel Arteta daga Everton. A lokacin an ce sayayyar firgici ce. Dukansu biyu sun zama kyaftin a hannunsa. Mertesacker ya karɓi ragamar makarantar horar da yaran ƙungiyar a 2018, Arteta kuma ya zama koci a Disambar 2019, wata takwas bayan haka ya ɗaga kofin FA a Wembley.