Sauri Ba A Yatsu Yake Ba

Duk wanda ya tsaya a bakin titi ya dubi bene, abin da idonsa zai nuna masa shi ne bango da tagogi da fenti. Amma kamar yadda fata ta rufe jijiyoyi da hanjin ɗan Adam, haka gini yake da nasa kayan cikin, watau bututun ruwan sha, da na ƙazanta, da na iskar sanyi, da na kashe gobara, da wayoyin lantarki. Zana waɗannan abubuwa a kwamfuta shi ne fannin da nake koyo, kuma ina so in ɗan tattauna da mai karatu a kan wata tambaya da ke damun duk wanda ya shigo wannan sana'a: ta yaya mutum zai yi sauri, kuma aikinsa na yau ya fito daidai da na jiya?

Magabatanmu a kan allon zane suka yi aikinsu, da fensir da tawada. A shekarar 1982 kamfanin Autodesk na Amurka ya fito da manhajar AutoCAD, zane ya koma kwamfuta, amma duk da haka layi ake ja. A shekarar 2000 aka fito da Revit, Autodesk ya saye ta a 2002, sa'an nan a 2006 aka fitar da nau'inta na masu aikin ruwa da iska da lantarki. A cikin Revit bututu ya wuce layi, domin yana ɗauke da faɗinsa, da abin da aka yi shi da shi, da tsayinsa daga ƙasa. In ka canza shi a wuri guda, zai canza a kowane shafi, har da jadawalin kayan da za a saya. Wannan alheri ne, amma fa ta wannan hanyar ce kuskure ɗaya yake bazuwa ko'ina cikin ƙiftawar ido.

Lokacin da na je koyon aiki na wata shida a wani ofishin injiniyoyi, na tarar da mutum biyu da suka ba ni mamaki. Ɗaya saurayi ne mai zafin nama, in yana aiki sai ka ji ƙarar madannai kamar ana suyar gyaɗa. Ɗayan kuwa dattijo ne, wanda in ka gan shi gaban kwamfuta sai ka ce gyangyaɗi yake yi. Amma a ƙarshen mako aikin dattijon ne yake fita ba gyara, na saurayin kuwa ya yi ta kai da komowa. Har akwai wani aiki da ma'aikata biyu suka raba zanen bututun ruwan sanyi, kowa ya raɗa wa nasa irin sunan da ya ga dama. Jadawali ya raba kaya iri ɗaya gida biyu, mai lissafin kaya ya ɗauki layi ɗaya ya bar ɗaya, aka sayo bututu bai isa ba, masu aikin famfo suka wuni zaune a filin gini ana bin su da kuɗin yini. Da na tambayi dattijon sirrinsa, sai ya ce, "Samari, abin da na gama shawararsa jiya, ba na sake zaman shawararsa yau." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai sai ka yi mini bayani." Bayaninsa ne, da abin da na gwada da hannuna, nake so in kawo a nan.

Abu na farko shi ne shimfiɗar aiki, watau fayil ɗin da ake fara kowane sabon aiki daga cikinsa. Mai karatu ya dubi masu buga bulo. Ba wanda yake auna kowane bulo da tef, domin an riga an auna akwatin bugawa sau ɗaya, ko na inci shida ko na inci tara, duk abin da ya fito daga ciki girmansa ɗaya. To, haka shimfiɗa take. A cikinta ake tsai da sunan kowane irin bututu, da launinsa a zane, da irin gwiwa da mahaɗar da manhaja za ta sa masa in ya yi kwana, da girman rubutu, da tsarin jadawali. In an yi haka, ko mutum goma suka taɓa aikin, sai ka rantse hannu ɗaya ne.

Na biyu shi ne rumbun kaya. A ƙasarmu soket mai amfiya 13 ake amfani da shi a gidaje da ofisoshi, to, me zai sa a sami siffarsa iri biyar a ofis ɗaya? A gyara guda ɗaya mai kyau, a ajiye inda kowa zai ɗauka. Haka fanka, da tukunyar bahaya, da tankin ruwa. Waɗanda ake kwasowa barkatai daga intanet sau da yawa nauyi gare su, su sa kwamfuta ta riƙa jan ƙafa, ga shi ba kowane ɗalibi ne yake da mai ƙarfi ba, ga kuma wutar da ba ta da tabbas.

Na uku shi ne rage maimaici. A Revit, danna PI yana fara bututun ruwa, DT kuma bututun iska. Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. To, a ƙaddara kana tsirar da daƙiƙa 3 a kowane umarni, kana kuma ba da umarni 600 a wuni, ka ga minti 30 ke nan. Har ila yau, in bene yana da hawa biyar masu banɗaki iri ɗaya, a zana ɗaya a tabbatar da shi, sa'an nan a kwafa shi zuwa sauran.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi duka, shi ne sanin abin da ake fara sawa a sararin da ke tsakanin silin da dakin. Bututun ƙazanta ne farko, domin gangare yake bi, ba ya hawa tudu. In an ba shi gangaren 1 cikin 40, tafiyar mita 20 za ta saukar da shi santimita 50, kuma ba lallashin da zai sa ya canza. Sai bututun iska saboda girmansa, sai na ruwan famfo, sa'an nan wayoyi, su da ke iya kauce wa kowa. Bayan haka a riƙa sa manhaja, ko Revit ɗin ko Navisworks, ta binciko inda abubuwa suka ci karo, kowane mako, kada a bari sai ranar miƙa aiki. Karon da ba a gani a kwamfuta ba, lebura ne zai warware shi da guduma da kurfi, ya fasa kankare, wani lokaci har a yanke rodin da ke riƙe da ginin. Nan kuwa maganar ta wuce ta kuɗi, ta zama ta rayukan waɗanda za su zauna a ciki. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

Na san akwai mai cewa ina lokacin gyara shimfiɗa alhali maigida yana jiran zane gobe? Gaskiya ne kwanakin farko kamar asara suke, amma aiki na biyu da na uku su ne suke biyan bashin. Manyan ƙasashe ma sun gane haka. Gwamnatin Birtaniya ta wajabta irin wannan tsarin aiki a manyan kwangilolinta daga 2016, kuma a 2018 aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba ISO 19650 a kan sarrafa bayanan gini. Sai dai a yi hattara da aron shimfiɗar wasu ido rufe. Wadda aka shirya a ƙasar sanyi cike take da kayan ɗumama ɗaki, mu kuwa abin da ke gabanmu shi ne zafi, da tankin sama, da rijiyar burtsatse, da janareto, da sola. Shimfiɗa tana ɗauke wa injiniya wahalar maimaici ne domin hankalinsa ya koma kan lissafin da ba mai yi masa.

Don haka, 'yan'uwana ɗalibai, kada mu jira sai mun kama aiki. Tun daga aikin kammala karatu kowa ya sami takarda guda ya rubuta sunayen da zai riƙa amfani da su, da launuka, da jerin abin da zai duba kafin ya miƙa zane, ya kuma bi ta sau da ƙafa. Yatsu za su koyi gudu da kansu in an daɗe ana yi. Amma wanda ya fara da gudu ba tsari, zai ga tabbacin maganar nan da ake cewa sauri ya kan haifi nawa.