Wayar da Aka Sace a Adaidaita, da Lasisin da Na Zaɓa Ba Daidai Ba

Yau ba maganar canza sikirin ko batir zan yi ba. Wani kuskure ne na tafka da hannuna, na ga gara in faɗa maka shi kafin ka maimaita, musamman kai da kake da ɗan kamfani ko shago mai yara biyar, goma ko ashirin, kowa yana aiki da wayarsa.

Akwai wani Alhaji da ya daɗe yana kawo min gyara a nan Farm Centre, Kano. Dilan kayan masarufi ne, yana da ma'aikata 14. Uku suna ofis da kwamfuta, sauran 11 suna yawo a gari suna karɓar oda daga masu shaguna. Wata rana ya ce min, "Yarona, kai ka san harkar nan. Ina son imel mai sunan kamfanina. An ce min Microsoft 365, to ka zaɓa mana wanda ya dace."

Na buɗe shafinsu, na tarar da matakai uku na ƙananan kamfanoni: Business Basic, Business Standard da Business Premium. Sai na yi lissafin mai gyaran waya. A kasuwarmu, waya mafi araha wahala ce, mafi tsada ta 'yan gayu ce, ta tsakiya ita ce ta mai hankali. Na ce Alhaji a ɗauki Standard ga kowa da kowa, a biya na shekara. Ya biya, ya gode, har da ɗan ihsani ya yi min.

Bayan wasu watanni aka zare wayar ɗaya daga cikin yaran a adaidaita, yana dawowa daga kasuwar Singer. Wayar ko makullin sikirin babu. Outlook a buɗe, ga jerin kwastomomi da lambobinsu, ga takardun bashi da ya sauke a cikin wayar. Tsoro ya hana shi faɗa sai bayan isha'i. Kafin nan an riga an tura wa masu shaguna biyu saƙo cewa kamfani ya canza akawun. Ɗaya ya kira Alhaji ya tambaya, ɗayan kuwa ya riga ya tura kuɗin.

Alhaji ya kira ni cikin dare. "Ba ka ce mai kyau muka saya ba? To goge wayar daga nan." Wallahi sai da zufa ta karyo min. Na canza kalmar sirrin yaron, na fitar da asusunsa daga duk na'urorin da yake buɗe a kai. Iyakar abin da na iya ke nan. Takardun da aka riga aka sauke suna hannun ɓarawo.

Daren nan ban yi barci ba, na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Ga abin da na gano.

Bambancin Basic da Standard ba tsaro ba ne. Babban abin da Standard ya ƙara shi ne Word, Excel da Outlook da ake sakawa a kan kwamfuta. Basic ma yana ba ka imel mai sunan kamfani, da Teams a inda aka haɗa shi, da OneDrive mai 1TB, da manhajojin waya da na burauza. Ka ga ke nan yara 11 da ko kwamfuta ba su da ita, na sa Alhaji ya biya musu abin da ba su taɓa amfani da shi ba.

Tsaron da Alhaji yake nema yana cikin Premium, kuma abubuwa biyu ne manya. Na farko Intune, mai kula da na'urori. Da shi za ka tilasta a saka lambar sirri kafin a buɗe Outlook, ka hana a ajiye takardun kamfani a ma'adanar waya ko a kwafe su zuwa WhatsApp, kuma idan waya ta ɓata ko yaro ya bar aiki ka goge kayan kamfani kaɗai, hotunan iyalinsa na nan ba a taɓa ba. Na biyu Entra ID P1, wanda kafin 2023 ake kira Azure AD. Shi kamar maigadi ne a bakin ƙofa: za ka iya gindaya sharaɗi cewa ko mutum ya san kalmar sirri, ba zai shiga ba sai da wayar da kamfani ya yi wa rajista.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ko a Basic da Standard akwai wani ɗan ƙaramin tsari mai suna Basic Mobility and Security. Bai kai Intune ba, amma da na kunna shi na yi wa wayoyin rajista, da ya tilasta makullin sikirin, kuma da an samu damar tura umarnin gogewa. Yana nan a cikin abin da muka biya, ni ne ban duba ba.

To idan kai ne za ka zaɓa, ga shawarata.

Ka fara da lissafin mutane, ba da farashi ba. Ka rubuta sunan kowa, ka tambayi kanka: idan wayar wannan ta ɓata yau, me zai fita? Lasisin na mutum ne, ba na waya ba, kuma ba dole ne kowa ya zama a mataki ɗaya ba. Za ka iya ba akanta da masu riƙe da jerin kwastomomi Premium, direba da mai sito Basic. Kuɗin Premium ya ninka na Basic fiye da sau uku, kuma da ka san yadda dala take, ka san wannan rabon ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ana iya sayen Intune da Entra ID P1 daban a ɗora a kan Basic, amma idan ka haɗa kuɗin sai ka ga ya kusa kamo Premium.

Ka duba wayoyin kafin ka biya. Wannan fannina ne. Ƙananan wayoyi masu Android Go, irin waɗanda muka fi sayar wa masu neman araha, yawanci ba sa karɓar ɓangaren aiki da ake ware wa manhajojin kamfani a cikin waya. Wayoyin Huawei marasa manhajojin Google su ma suna ba da matsala. A wurin Alhaji huɗu muka samu masu Android Go, dole ya canza su.

Ka gwada na wata-wata kafin ka ɗaure kanka da shekara. Hawa sama a tsakiyar shekara abu ne mai sauƙi, amma sauka ƙasa galibi sai wa'adin ya cika. Matakan nan uku kuma iyakarsu mutum 300.

Idan Google Workspace kake so, labarin kusan ɗaya ne. Business Starter da Standard suna da kulawar waya ta matakin farko, cikakkiyar kuwa sai a Business Plus.

Sannan duk matakin da ka ɗauka, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kyauta ce. Ka kuma gaya wa yaranka: waya ta ɓata, a kira nan take, ba faɗa. Awanni shida da yaron nan ya yi shiru su suka ba ɓarawo damar aika saƙon.

A ƙarshe mun mayar da mutum shida Premium, sauran da shekara ta cika muka sauke su Basic, muka kuma janye musu damar buɗe jerin kwastomomi. Kuɗin mai shagon nan Alhaji ne ya ɗauki asarar, don kada ya rasa kwastoma. Bai ce in biya ko sisi ba, kuma har yau yana kawo min gyara. Sai dai duk lokacin da na ce masa wani abu mai kyau ne, sai ya yi murmushi ya ce, "Yarona, ka karanta ko ka yi tsammani?"

Mai tambaya a kan wayoyin ma'aikatansa ya rubuto sunan wayar da lambar Android ɗinta a ƙasa, zan duba in amsa.