Cikin da muka yi shiru a kansa, da bizar da ta ƙare a cikin akwati



Mu Adarawa ba baƙin tafiya ba ne. Kakanninmu sun ci rani a Kano da Kumasi, iyayenmu sun yi Abijan, samarinmu na yau suna Libiya da Aljeriya. Lissafin tafiyar kuwa sananne ne: a fita bayan girbi, a komo kafin ruwan shuka. Wanda ya zauna Abijan, in ya ga dama sai ya aiko kuɗin mota a saka masa matarsa, in haihuwa ta matso ta komo gida. Babu mai tambayar watan cikinta. Da wannan tunanin muka shiga harkar takardun Turai, shi ne kuma ya kashe mu ƙasa. Mun ga ya dace mu ba ku labarin, ko wani gida ya tsira daga abin da ya same mu.

Ƙanenmu yana aiki a Faransa da takardun zama cikakku. Ya yi aure nan Tawa, ya koma ya ajiye dosiye a hukumar OFII don a ba shi izinin ɗauko iyalinsa. Dokar can tana da sharuɗɗa. Sai mutum ya yi aƙalla wata 18 yana zaune bisa ƙa'ida, yana da albashin da zai riƙe gida, kuma ɗakinsa ya kai faɗin da aka ƙayyade. Na mutum biyu murabba'in mita 22 ne, ko 24, ko 28, gwargwadon garin da ake zaune, sannan kowane mutum ɗaya da ya ƙaru sai an ƙara mita 10. Ɗakin ƙanenmu ya ishi mutum biyu, bai ishi uku ba. A lokacin ba wanda ya damu, don su biyu ne.

A babbar sallar 2022, cikin watan Yuli, ya zo hutu ya yi mako huɗu. A watan Oktoba izini ya fito. Ya bugo waya da murna, ya ce a kai amarya Yamai a yi mata fasfo a nemi ranar ajiye takardun biza. Mu kuwa ana tsakiyar girbin gero, muka ce a bari a gama ɗaurin damma, a sai da wake, a haɗa kuɗin tafiya. Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma mace ba ta tafiya ita kaɗai, sai da ɗan rakiya da masauki. Wata biyu cur muka ɓata a haka.

Abin da ba mu sani ba, amarya tana da cikin wata uku. Cikin fari ne, kun kuwa san kunyar cikin fari a wajenmu. Ba za ta dubi surukanta ta faɗa ba. Mijin ya sani, shi ma nauyin bakinsa ya hana shi gaya wa yayyensa. Tsofaffin gida sun gane tun da ta daina cin miyar kuka, amma suka ja baki, don a al'adarmu ba a yawan ambaton ciki tun yana ƙarami, ana tsoron baki. Kowa ya yi shiru don ladabi, kwanaki kuma suna ta tafiya.

Biza ta fito a farkon Fabrairun 2023, ciki yana mako 30. Ran nan muka ji wata doka da ba mu taɓa ji ba: in iyali ba su shiga Faransa cikin wata uku daga ranar da aka ba da biza ba, izinin ya faɗi. Ga kuma dokar jirgi. Kowane kamfani da tasa, amma da yawa suna neman takardar likita daga mako na 28, kuma ba sa ɗaukar mai ciki in ta wuce mako na 36, mai tagwaye ma tun mako na 32. Da muka ƙirga, sai muka ga abin da ya rage mata bai wuce mako shida ba.

Aka yi zaman gida. Mahaifiyarta ta zo ɗaukarta goyon ciki kamar yadda aka saba, ta iske ana maganar tikitin jirgi. Ta dubi babban yayanmu ta ce: “Alhaji, ɗiyata ta fari za ku kai inda babu mai dafa mata ruwan wanka? Wa zai yi mata kunun kanwa? Mi ag gaggawa, ba sai ta yi arba'in ta tahi ba?” Babu wanda ya iya musa mata, don gaskiya ta faɗa. Mai awon ciki ita ma ta ce ƙafafunta sun kumbura, jininta ya ɗan hau, ba ta son a ɗora mata yini guda a cikin kar sannan a ƙara da awa biyar da wani abu a sama. Muka ce lafiya ita ce gaba, ta haihu gida.

Har yau ba mu yi nadamar wannan shawarar ba. Nadamarmu tana kan wata biyun nan na girbi. Da mun san da cikin tun Oktoba, da mun ci bashi mun kai ta Yamai a makon, ta tashi ciki yana wata biyar, lokacin da tafiya ba ta cika wahalar da mai ciki ba.

Allah ya sauke ta lafiya a tsakiyar Afrilu, cikin azumi, aka samu ɗiya mace. Aka yi suna, aka ci ragon suna. Arba'in ta cika a ƙarshen Mayu, izinin kuwa ya riga ya faɗi tun farkon watan. Ko da bai faɗi ba, jaririya ba ta cikin dosiye. Sai an yi mata takardar haihuwa a ma'aikatar magajin gari, a yi mata nata fasfo, uban ya sanar da hukuma an samu ƙaruwa, ya nemi gida mai faɗin mutum uku. Ya samu gidan a watan Yuli, kuɗin haya ya kusa ninkawa, ya ce komai ya kusa daidaita.

Sauran labarin kun san shi. Ran 26 ga Yulin 2023 sojoji suka karɓi mulki, dangantaka da Faransa ta lalace, a watan Agusta jiragen Air France suka daina sauka Yamai, aka daina ba da biza, a Janairun 2024 kuma ofishin jakadancin ya rufe. Yanzu duk mai neman bizar can sai ya tsallaka wata ƙasa da takardunsa. Amaryarmu tana nan tare da mu. Yarinya ta yi wayo, in wayar WhatsApp ta yi ƙara sai ta ruga tana kiran baba. Shi kuma yana can yana biyan hayar ɗakin mutum uku, yana kwana shi kaɗai.

Wasu sun ce mana ai rabon yarinyar ne ta sha ruwan Tawa, mun kuma yarda, abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure. Amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Saboda haka ga abin da muke roƙon duk gidan da ke jiran takardun tafiya, ko na Turai ne ko na Amurka ko na ƙasar Larabawa. In ciki ya shiga, a samu mutum ɗaya a gidan, gwaggo ko yaya mace, wadda amarya za ta iya gaya wa ba tare da kunya ba, ita kuma ta sanar da mai riƙe da takardu. A ɗauki karnen awo a aza shi kusa da fasfo, a ƙirga makonni a kan kalanda. A tambayi kamfanin jirgi dokarsa kafin a biya tikiti. A tambayi hukumar da ke riƙe da dosiye abin da za a yi in an haihu kafin tafiya. Sannan a zauna da iyayen yarinya tun da wuri a yanke inda za ta haihu, kada a bari sai biza ta zo hannu a fara gardama.

Ku da kuka taɓa shiga irin wannan, musamman 'yan uwanmu mata da suka haihu a waje ba uwa ba gwaggo, ku gaya mana yadda kuka yi da jego. Akwai wata maƙwabciyarmu da mijinta ya aiko mata da labarin izini a makon nan, ita ma mun ga ta fara ƙin miya.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya haɗa kowa da iyalinsa.